Daga Itace Zuwa Magani, Roba da Ƙamshi: Yadda Malaman Kimiyya Ke Warware Jikin Bishiya

Tun zamanin da ɗan Adam ya san amfanin wuta, mafi yawan abin da yake nema a jikin itace bai wuce abu uku ba, watau ya ƙona shi ya dafa abinci, ko ya sassaƙa shi ya yi turmi da ƙota, ko kuwa ya jera shi ya rufe ɗaki. Amma malaman kimiyya na ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda ba su gajiya da binciken abin da ke ɓoye cikin halittu, sun daɗe da fahimtar cewa a cikin gungumen da muke tura wa murhu akwai asalin sukari, da ƙamshi, da gam, da magani, da roba, illa dai Ubangiji ya ɗaure su da wani irin ɗauri wanda ba a kwance shi da ƙarfin hannu. Neman hanyar kwance wannan ɗauri shi ne sha'anin da ya ɗauki fiye da shekara 200 ana yi, aka ci riba a wasu wurare, aka yi asarar dukiya mai yawa a wasu, kuma har gobe ba a gama ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da itace ya ƙunsa. Idan aka busar da shi sarai, kusan rabinsa, ko ƙasa da haka kaɗan, wani abu ne da ake kira selulos, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya keɓe shi a shekarar 1838, kuma shi ne ainihin abin da ke cikin auduga da takarda. Selulos ba komai ba ne face ƙwayoyin sukari da aka saƙala dubbai a jere, suka zama zare mai tsawo, zaren kuma suka manne wa juna har ruwa ba ya iya ratsa tsakaninsu. Sai hemiselulos, mai kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, shi ma sukari ne, amma na wani jinsi dabam, kuma ɗaurinsa bai kai na farkon tsanani ba. Na ukunsu shi ne lignin, wanda yawansa ya yi kusa da na hemiselulos, shi ne kuma mai ba bishiya taurin tsayuwa da juriyar ruwa da ƙwari. Matsayinsa a jikin itace kamar matsayin makuba ne a jikin katangar ƙasa, wadda ke hana damina cin ginin, sai dai shi lignin ya ratsa har cikin tsakiya, bai tsaya a fuska kaɗai ba.

Abin da ake kwance waɗannan ɗauri da shi kuwa shi ne katalis. A shekarar 1811 wani malami a birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha, mai suna Gottlieb Kirchhoff, ya dafa sitaci cikin ruwa tare da ɗan asid irin wanda muke kira ruwan batir, sai ya ga sitacin ya rikiɗe ya zama sukari, alhali asid ɗin yana nan yadda aka zuba shi, bai ragu ba, bai shiga cikin sukarin ba. Wannan al'amari ya ɗaure wa masana kai, domin a iliminsu na wancan lokaci duk abin da ya haddasa canji lalle ne shi ma ya canza. Sai a 1835 babban malamin nan na Suwidin, Berzelius, ya tattara misalai irin wannan ya nuna cewa babi guda ne mai zaman kansa a ilimin sinadarai. Katalis dai abu ne mai gaggauta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu, ya mai da aikin shekara ya zama na sa'a guda, kuma idan an dace da wanda ya cancanta, ya karkata aikin zuwa ga abin da ake so, ya kauce wa wanda ba a so, sa'an nan a ƙarshe ya fito a sake amfani da shi. Yana iya zama asid, ko garin ƙarfe kamar nikel da jan ƙarfe, ko wani dutse mai ƙananan ramuka da ake kira ziyolait, ko kuwa sinadarin da halittu masu rai ke fitarwa, watau enzayim, irin wanda ke cikin hanjin gara har take cinye ƙyauren ɗaki ta ƙoshi.

Shekara takwas kacal bayan gwajin Kirchhoff, a 1819, Henri Braconnot na birnin Nansi a Faransa ya gwada asid mai ƙarfi a kan tsummoki da dusar katako, ya sami sukari. Amma masana'antar da ta fara kafuwa a kan itace ba ta bi wannan hanya ba, ta bi hanyar masu gawayi ne, sai dai maimakon a bar hayaƙin ya tashi sama a banza, sai a turara itacen cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a bi da hayaƙin ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa, daga cikin ruwan a tace metanol da asid ɗin binega da kwalta. A dazuzzukan Jamus da na jihohin Fensilbaniya da Niyok da Mishigan an yi masana'antu masu yawa na wannan aiki, kuma kusan duk metanol ɗin da duniya ke amfani da shi a farkon ƙarni na 20 daga itace yake fitowa. Sai ga shi a 1923 kamfanin BASF na Jamus, a masana'antarsa ta garin Leuna, ya fara haɗa metanol daga iskar da ake samu a jikin kwal, ta hanyar katalis na zinki da kuromiyom ƙarƙashin matsi mai tsanani. Kayan ya fito da tsabta da araha, har ba a daɗe ba masu turara itace suka shiga rufe ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya. Ke nan katalis ne ya fara kashe kasuwar sinadaran itace, tun kafin a juyo ana neman ya raya ta. Bayan kwal kuma sai man fetur ya zo ya mamaye komai.

Duk da haka ilimin bai mutu ba, domin duk lokacin da yaƙi ya toshe hanyar mai da abinci, sai a tuna da daji. Bajamushe Friedrich Bergius, wanda ya sami lambar Nobel a 1931, ya ɓatar da shekaru da dukiyarsa wajen fitar da sukari daga itace da asid mai kauri a kusa da birnin Manhaim, ɗan ƙasarsu Heinrich Scholler kuma ya bi ta asid mai ruwa-ruwa da zafi mai yawa, Tarayyar Sobiyat ta gina masana'antu da dama irin wannan, tana samun itanol da yis na ciyar da dabbobi. Illar asid kuwa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa ganin abin da ruwan batir ke yi wa riga: yana cin tukunyar da ake aikin a ciki, yana da wuyar komowa hannu, kuma idan aka yi sakaci kaɗan sai ya wuce gona da iri ya ƙone sukarin da ya fitar. Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka da ke tsibiran Sulemanu, a tekun Fasifik, suka ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa da saurin da ya ba hukuma tsoro. Da aka bincika sai aka tarar wata irin funfuna ce, aka kai ta ɗakin binciken soja, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka yi shekaru suna nazarinta a garin Natik na jihar Masacusets. Nufin farko shi ne a san yadda za a kashe ta. Daga baya aka gane cewa enzayim ɗin da take fitarwa, mai narkar da selulos ya koma sukari ba tare da wuta mai tsanani ko asid ba, ya fi tantunan da ta ɓata daraja nesa ba kusa ba. Jikokin wannan funfuna, wadda aka raɗa wa suna Trichoderma reesei don girmama Reese, su ne har yau ake kiwo a manyan tankuna don samar da enzayim na masana'antu.

Ta fuskar hemiselulos an fi samun sauƙi, kuma a nan ne aka sami kayan da suka tsaya da ƙafafunsu a kasuwa ba tare da tallafin gwamnati ba. Kamfanin Quaker Oats na Amurka, wanda ɓuntun hatsi ya taru masa tsibi-tsibi a garin Sida Rafids na jihar Ayowa, ya fara dafa ɓuntun da asid da tururi a 1922, yana samun wani ruwa mai ƙamshin almon da ake kira furfural. Idan aka ratsa shi da iskar haidirojin a kan katalis na jan ƙarfe sai ya zama wani sinadari da masu zubin ƙarfe ke ɗaure yashin da suke zubi a cikinsa. An ma yi wasu shekaru kamfanin DuPont yana yin nailan da shi, kafin fetur ya karya farashi. A yau ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa daga totuwar masara, akwai kuma masana'anta a Sezela ta Afirka ta Kudu mai yin sa daga tuƙar rake. Mutanen Finlan su kuma, daga sukarin bishiyar birci mai farin ɓawo da ta cika dazuzzukansu, suka fara yin zailitol a garin Kotka a 1975, ta hanyar haidirojin da garin nikel. Abu ne mai zaƙi kamar sukari, amma ƙwayoyin cutar baki ba su iya cin sa, shi ya sa ake sa shi a cingam da man goge baki.

Mas'alar da ta gagari malamai ita ce lignin, kuma a kanta ya kamata mu daɗe. Darajarsa a fili take, domin shi ne tushe mafi girma a cikin tsirrai na wani jinsin sinadarai masu zobe shida na kabon, waɗanda da su ake yin gam na katako, da fenti, da magunguna da yawa, da robobi masu ƙarfi, waɗanda kuma a yau kusan duka daga fetur da kwal ake samun su. Masana'antun takarda na duniya suna raba miliyoyin tan na lignin daga itace kowace shekara, ta hanyar da Carl Dahl ya ƙirƙiro wajen 1879, watau dafa guntayen katako cikin soda mai ƙarfi da sinadarin farar wuta. Amma da yake takarda suke nema, ba ruwansu da halin da lignin zai fito, sai ya fito baƙi ƙirin, mai wari, a cakuɗe da farar wuta, a tura mafi yawansa tanderu a ƙone don samun tururi da komo da sodar. Abin da ke faruwa a cikin tukunyar shi ne, ɗaurin da Allah ya yi wa lignin a jikin bishiya, wanda rabinsa ko fiye mai sauƙin kwancewa ne domin ta kan oksijin ya bi, yana tsinkewa da zafi, gutsattsarin kuma, da yake ba su iya zama a sake, nan take sai su kama juna da sabon ɗauri na kabon da kabon, wanda ya fi na asali tauri ƙwarai. Saboda haka wanda ya karɓi lignin daga hannun masu takarda ya karɓi abin da an riga an lalata. Shi ya sa ma'aikatan wannan fanni suke da wata magana ta ba'a da suka gada tun daga magabatansu, cewa babu abin da ba a iya yi da lignin sai kuɗi.

Akwai wanda ya ƙaryata wannan ba'a, ko da yake a ƙaramin ma'auni. Kamfanin Borregaard da ke garin Sarpsborg a Norwe, wanda ke dafa itacen sifurus ta wata hanya dabam, yana yin banilin daga lignin tun 1962, watau sinadarin ƙamshin banila da ake sa wa kek da askirim da cakulan, ta hanyar busa masa iska cikin soda tare da katalis na jan ƙarfe. Lissafin da kamfanin kansa ke bayarwa abin lura ne: daga kilo 1,000 na itace ana samun kimanin kilo 400 na selulos mai daraja, da kilo 400 na lignin da ake sayar wa masu kankare da masu abincin dabbobi, da kilo 50 na itanol, banilin kuwa kilo 3 tak. Da banilin kaɗai suka dogara da tuni sun rufe, kamar yadda takwarorinsu na Kanada da Amurka suka rufe sa'ad da banilin na fetur ya shigo. Abin da ya tsirar da su shi ne ba su zubar da komai na gungumen.

Sabuwar dabarar da ta canza tunanin malamai a shekarun baya-bayan nan ita ce a fara da lignin, a kama shi tun yana fitowa daga jikin itacen, kafin gutsattsarinsa su sami damar komawa su ɗaure. Asalinta tsoho ne, domin tun 1938 Homer Adkins da abokan aikinsa a Wiskonsin sun ratsa lignin da haidirojin a kan katalis, sai dai su neman sanin siffarsa suke yi kawai. A Jami'ar Luben ta Beljiyam, ƙungiyar Farfesa Bert Sels ta mai da shi hanyar sana'a. Ga yadda aikin yake: a zuba dusar katakon birci cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, a zuba metanol, a barbaɗa baƙin gari na gawayi wanda aka lulluɓe da ɗan ƙarfen rutiniyom, a rufe, a danna haidirojin, a kai zafi wajen digiri 250 na 'yan sa'o'i. Metanol mai zafi yana jawo lignin daga jikin katakon, kowane gutsure kuma da ya tsinke sai ya tarar da katalis yana jiransa, ya toshe masa baki da haidirojin, ya hana shi kama ɗan'uwansa. Idan aka buɗe tukunyar sai a sami abu biyu, wani mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda kimanin rabinsa ƙananan sinadarai ne tsarkakakku, da kuma ɓargon selulos wanda bai lalace ba, ana iya yin takarda ko sukari da shi. A 2020 ƙungiyar ta bayyana a mujallar Science cewa ta mai da kashi 78 cikin 100 na itacen birci kayan sayarwa, ciki har da finol da furofilin, manyan sinadarai biyu na kasuwar duniya, bayan ta bi da man ta kan nikel da ziyolait. A Lozan ta Suwizalan kuma Jeremy Luterbacher da ɗalibansa sun nuna a 2016 cewa fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi a asibiti, yana iya yin aikin toshe bakin gutsattsarin tun a wurin dahuwa. Wasu malamai a Wiskonsin ma sun fitar da farasitamol daga lignin na bishiyar fofula.

To, amma nasarar tukunyar ɗakin bincike dabam, ta kasuwa dabam, kuma duk mai ba da labarin nan bai faɗi asarar da aka tafka ba, ya rage mudu. Kamfanin KiOR ya gina masana'anta a garin Kolombos na jihar Misisifi, don ya mai da guntayen katako ɗanyen mai ta hanyar zafi da katalis, jihar ta ba shi rancen dala miliyan 75, amma abin da masana'antar ta fitar bai ko kusanci abin da aka alkawarta ba, a Nuwamban 2014 ya bayyana karyewarsa. Kafinsa Range Fuels ya rufe a jihar Jojiya a 2011, bayansa kuma DuPont ya dakatar da babbar masana'antarsa ta itanol daga karan masara a 2017, shekara biyu da buɗe ta. Dalilan a bayyane suke ga mai tunani. Fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyin busasshen itace oksijin ne, alhali fetur kusan babu shi a cikinsa, saboda haka mai son mai da itace makamashin mota dole ya jefar da kusan rabin abin da ya saya, ya kuma biya kuɗin haidirojin da zai cire shi. Ɗanyen itace kuma rabinsa ruwa ne, ga shi a warwatse cikin daji, sai an bi shi da mota, ba ya bin bututu. Sa'an nan tokar da ke cikinsa da baƙin da ke daskarewa a wurin dahuwa suna toshe ramukan katalis su kashe shi, rutiniyom kuwa ƙarfe ne mai tsada wanda ba a wasa da asararsa. A ra'ayina kuskuren waɗannan kamfanoni tun daga niyya yake, domin sun zaɓi su yi gasa da rijiyar mai a kan kaya mafi araha da take fitarwa, suka bar sinadarai masu oksijin a jikinsu, irin furfural da banilin da zailitol, inda itace ke da rinjaye tun daga halitta.

Babban gwajin da ake sa wa ido yanzu yana garin Leuna, can inda aka karya masu turara itace a 1923. Kamfanin UPM na Finlan ya sanar a 2020 cewa zai gina masana'anta a wurin, mai fitar da tan 220,000 a shekara daga itacen bic na dazuzzukan Jamus: sukarin selulos a mai da shi gilaikol ta hanyar katalis, wanda da shi ake yin gorar ruwa ta roba da yadin foliyesta da ruwan sanyaya inji, lignin kuma a mai da shi garin da zai maye gurbin baƙin kabon a cikin roba. An ƙiyasta kuɗin ginin euro miliyan 550, amma ya haura biliyan ɗaya, lokacin fara aiki kuma ya yi ta jinkiri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin al'amarin, ko a hannun kamfanin da ya yi fiye da ƙarni guda yana sarrafa katako.

Mu kuma a ƙasashenmu na bakin Sahara, inda kowace bishiya tsaye take tsakaninmu da hamada, inda kuma buhun gawayi ya riga ya cinye dazuzzuka masu yawa, babu mai hankalin da zai ba da shawarar sare itace don yin sinadarai, kuma bai kamata a yaudare mu da cewa karan dawa da na gero shara ne ba, tun da da su ake danni da zana da girki, dabbobi kuma da su suke ƙetare rani. Abin da ya rage mana shi ne wanda da gaske ake rasa yadda za a yi da shi, watau ɓuntun da ke taruwa a bayan injinan casar shinkafa na Kano da Kebbi, da totuwar masara, da tuƙar rake ta masana'antun sukari irin na Numan, da dusar katako ta 'yan timba. Waɗannan kuwa su ne irin kayan da aka gina sana'ar furfural a kansu shekara 100 da suka wuce, da tukunya da tururi da asid, ba da rutiniyom ba. Ɓuntun shinkafa yana da toka mai yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, don haka ba lalle ne abin da ya yi aiki a kan itacen Turai ya yi aiki a kansa ba sai an gwada. Muna roƙon malaman sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu, a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, su fara da auna yawan waɗannan kaya a kowace jiha, da abin da suka ƙunsa, da kuɗin tara su wuri ɗaya, su buga sakamakon inda 'yan kasuwa za su iya karantawa.